Rumbun abincin ECOWAS yana da ofis a Lome, amma ina rabon Zango?

Jama'a da yawa a Zango ba su san cewa a cikin garin nan namu na Lome ne ake da ofishin da ke kula da rumbun abinci na ƙasashen Afirka ta Yamma ba. Hukumar noma da abinci ta ƙungiyar ECOWAS, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO, ta buɗe ƙofarta a nan Lome a shekarar 2013, ana kuma taƙaita sunanta da ARAA. A watan Fabrairun wannan shekarar ne shugabannin ƙasashe suka zauna a Yamusukuro suka amince a kafa rumbun ajiyar abinci na yanki baki ɗaya, aka ɗora wa wannan hukuma nauyin tafiyar da shi. Tun da kwanon masara ya zama abin da magidanci ke lissafawa kafin ya yi barci, ya kamata mu san mene ne wannan rumbu, me ya yi, kuma ta wace hanya ya shafe mu.

Wahala ce ta haifar da shi. An sha yunwar Nijar ta 2005, aka zo aka sha tsadar abinci ta 2008 wadda ta fitar da mutane kan titi a birane da dama, sai kuma farin Sahel na 2012. A kowane karo abu ɗaya ake gani: kafin a yi roƙo, masu ba da agaji su yi taro, a sayo hatsi daga ƙetare, jirgi ya iso tashar ruwa, motoci su hau arewa, an kwashe watanni, kuma yaron da tamowa ta kama ba ya jiran watanni. Sai aka ce bari a ajiye abincin a gida tun kafin a buƙace shi. Duk ɗalibin da ya karanta tafsirin Suratu Yusuf ya san wannan shawara, har da dabarar barin hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace.

Tsarin da aka zana yana da katanga uku. Ta farko ita ce ajiyar unguwa da ƙauye, wato rumbunan jama'a da na ƙungiyoyin manoma. Ta biyu ajiyar gwamnatin kowace ƙasa. A nan Togo hukumar ANSAT ce, wadda ke sayen masara da kaka ta fitar da ita a farashi mai sauƙi idan kasuwa ta yi zafi. Ta uku ita ce rumbun yanki, ba a taɓa shi sai abu ya fi ƙarfin biyun farko. An yi niyyar ya kai kimanin tan dubu 411, kashi ɗaya bisa uku hatsi ne a buhu, wato wajen tan dubu 140, sauran kuma kuɗi ne da za a ajiye don saye cikin gaggawa. Hatsin gero ne da dawa da masara da shinkafa, daga baya aka ƙara garin jarirai mai ƙarin sinadarai. Ofis ne kawai a Lome. Buhunan suna kwance a ɗakunan ajiyar hukumomin ƙasashe, irin su OPVN a Nijar, SONAGESS a Burkina Faso, OPAM a Mali, NAFCO a Gana, da rumbunan gwamnatin Najeriya.

Kuma ba kyauta ake rabawa ba kamar yadda wasu ke zato. Gwamnati ce ke nema, bayan ƙididdigar yunwa da hukumar CILSS ke jagoranta ta nuna cewa wani yanki ya shiga matakin ƙunci, sannan a ƙa'ida ƙasar ta yi alkawarin mayar da hatsi a madadin hatsi, buhu a madadin buhu.

Adalci ne mu faɗi cewa rumbun ya yi aiki. A 2017 an fitar da tan 1,130 zuwa arewa maso gabashin Najeriya, inda rikicin Boko Haram ya raba mutane da gonakinsu. A 2018 Nijar ta karɓi tan 6,528, Burkina Faso ma ta karɓa, kuma a shekarar annobar korona an sake buɗe shi. Mu yi lissafi mai sauƙi. Idan mutum ɗaya na buƙatar kilo 12 na hatsi a wata, abin da Nijar ta karɓa zai ciyar da mutum sama da dubu 540 na wata guda. Wanda ya taɓa ganin uwa tana dafa ganye zalla da daddare ba zai raina wannan ba.

Amma wannan lissafin shi ne kuma ke tona asirin ƙanƙantar abin. Ko da an cika tan dubu 140 ɗin nan, mutum kusan miliyan 12 zai ciyar na wata ɗaya tak. To, ba a ma cika ba. Abin da aka tara tun farawa bai kai tan dubu 100 ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙididdigar shekarun nan tana nuna mutane sama da miliyan 50 a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna shiga ƙuncin abinci tsakanin watan Yuni da Agusta. Dalilan gibin ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗin da aka soma aikin da shi, Yuro miliyan 56, daga Tarayyar Turai ya fito, alhali ECOWAS tana da harajinta na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yanki. Mu a ganinmu, rumbun da ake taƙama da shi a matsayin alamar dogaro da kai bai kamata ya dogara da aljihun baƙo ba, musamman yanzu da ƙasashen Yamma ke rage kuɗin agaji, har Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabo a wurare da dama a 2025. Sai kuma batun mayar da bashi. Ƙasar da yunwa ta sa ta ci bashin hatsi bana, da wuya ta samu rarar biya baɗi, shi ya sa mayarwar ta yi ta jan ƙafa. Kowane ɗan kasuwa a Zango ya san yadda jari ke ƙarewa idan kaya na fita kuɗi ba ya dawowa.

Babbar jarrabawa kuwa siyasa ce ta kawo ta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, abinci da magani suka yi tsada a kan talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma zuciya ta riga ta ɓaci. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Waɗannan ƙasashe uku suna cikin waɗanda suka fi cin gajiyar rumbun, a ƙasarsu aka ajiye kaso mai yawa na buhunan, kuma su ne manyan masu noman gero da dawa bayan Najeriya. Kowa kuma ya fara rufe ƙofar rumbunsa: a Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa ƙawayenta biyu, Burkina Faso kuwa ta daɗe da taƙaita fitarwa. Ana iya fahimtar gwamnatin da ke son ta ciyar da mutanenta tukuna. Sai dai amfanin rumbun yanki gaba ɗaya ya ginu ne a kan cewa damina ba ta ɓaci ko'ina a lokaci guda, don haka mai rara ya tura wa mai gibi. Idan aka toshe hanya, hikimar ta rushe.

A nan Togo na da abin yi. Tana cikin ECOWAS, tana zaune da ƙasashen uku a CILSS da kuma ƙungiyar masu kuɗin sefa ta UEMOA, kuma tun da Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kaya da yawa na Yamai ta tashar ruwan Lome suke bi, su hau babbar hanya ta Sokode da Kara da Dapaong zuwa Sinkase, su ratsa Burkina Faso. Direbobin nan da dillalan da yawansu mutanenmu ne. Abin da muke fata daga hukumomi shi ne a ware maganar hatsi daga rigimar sojoji da 'yan siyasa, a bar yarjejeniyar rumbu a buɗe ga kowa. Togo ma tana da tata larurar: yankin Savanes na arewa yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun Yunin 2022 saboda hare-hare, manoma sun bar gonaki, ga 'yan gudun hijira daga Burkina Faso. Duk buhun da ba a noma a can ba, a kasuwar Lome ake jin raɗaɗinsa.

Yanzu mu dawo gida. Gaskiyar da ya kamata mu haɗiye ita ce, wannan rumbu ba don unguwa irin tamu aka gina shi ba. An tsara shi ne don fari da ambaliya da yaƙi, kuma ta hannun gwamnati yake bi zuwa yankin da ƙididdiga ta nuna. Yunwar birni daban take. Abinci na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Kuma a Zango akwai wani ƙarin shinge, wato takarda. Mun tuna da shirin Novissi na 2020, lokacin korona, da gwamnati ta riƙa tura tallafi ta waya. Shiri ne da duniya ta yaba, amma da katin zaɓe ake shiga, don haka ɗan ci-rani daga Tawa ko Sakkwato, da bazawarar da ba ta taɓa yin kati ba, suna gefe suna kallo. Almajiri kuma ba ya cikin lissafin abincin makarantun gwamnati.

Ke nan katanga ta farko, ta unguwa, ita ce tamu, kuma ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Zango da ciyar da baƙo aka san shi. Tun a tsohon Zango na tsakiyar gari, wanda aka rushe a 1977 aka mayar da iyayenmu nan arewacin birni, maigida shi ke saukar da fatake masu shanu da goro, ya ba su ɗaki da tuwo har su sayar su tafi. Alheri bai ƙare ba, tsari ne ya yi mana ƙaranci. Dubi yadda sadakarmu ke taruwa a wata ɗaya. A azumi abinci har ya yi yawa a ƙofar masallaci, wani ma a zubar. Amma a shekarun nan azumi yana faɗowa ne wajen Fabrairu da Maris, alhali tsadar masara ta fi tsanani daga Mayu zuwa Yuli, kafin sabuwa ta shigo kasuwa, lokacin da kuma ruwan sama ke hana 'yan tebur da 'yan acaɓa samu, kogin Zio ya cika ya shigo wa wasu gida. A wannan lokacin hannaye sun riga sun naɗe.

Da masallatan Juma'a na unguwa za su haɗa kuɗi su sayi masara da wake da kaka, sa'ad da suke da araha, su ajiye, su fitar a watannin ƙunci, wani a sayar a kan kuɗin saye, wani a ba marayu da gajiyayyu kyauta, da an rage wani abu. Amma a yi hattara da abubuwa biyu. Na farko na fiƙihu ne: zakka hakkin masu ita ce, ba a jinkirta ta a rumbu ana jiran wata shida, saboda haka jarin irin wannan ajiya daga sadaka da waƙafi ya kamata ya fito, kuma a zauna da malamai kafin a fara. A bambance kuma tsakanin wannan da ɓoye abinci don ya yi tsada, wanda shari'a ta hana. Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwanmu masu sito. Na biyu darasi ne daga Nijar, inda aka kafa bankunan hatsi a ƙauyuka masu yawa bayan farin shekarun 1970 da 1980, da yawa kuma suka mutu. Abin da ya kashe su shi ne bashin da ba a biya, da jin kunyar tambayar ɗan uwa, da makulli a hannun mutum ɗaya. Cutar da ke damun babban rumbu ita ce ke kashe ƙarami. Dole a samu littafi, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, a sa mata a kwamiti domin su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Ga kuma yanayin Lome. Iskar bakin teku tana da laima, hatsin da zai shekara lafiya a Maraɗi a nan fumfuna da ƙwaro za su cinye shi cikin 'yan watanni, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lalata hanta. Sai an shanya sosai, an ɗora buhu a kan katako, an yi amfani da buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska, wanda masu wake a Nijar da Najeriya suka daɗe da sani.

Abu na ƙarshe, cika ciki daban, gina jiki daban. Binciken ƙasa na 2017 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a Togo ya tsumbure, kuma wannan lahani yana kama yaro ne tun yana ciki har ya cika shekara biyu, bayan nan gyaransa na da wuya. Koko tsura da safe, tuwon masara da dare, ba za su hana shi ba. Abin mamaki, Togo tana cikin manyan masu sayar wa Turai waken suya wanda aka noma ba tare da sinadarai ba, ga shi muna da wake da gyaɗa da zogale da ƙananan kifi a kasuwa. Duk rumbun da za mu kafa, a sa buhun wake ɗaya a gefen kowane buhun masara biyu ko uku, a fara rabo da masu ciki da masu shayarwa. Ɗalibanmu na jami'a da na Islamiyya kuma akwai aikin da ba ya buƙatar ko sisi: su bi gida-gida tare da masu unguwa su rubuta sunayen zawarawa da marayu da tsangayoyi, da adadin bakin da ke kowane gida, kafin kaka mai zuwa ta shigo.