Sharhi: Binciken Amosanin Jini da Inda Ya Kamata Kuɗinmu Su Tafi

A watan Nuwamba na shekarar 2023 hukumar kula da ingancin magunguna ta Birtaniya ta amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, sannan takwararta ta Amurka ta bi sahu a watan Disamba. Shi ne magani na farko da aka yarda a yi amfani da shi wanda ke gyara ƙwayoyin gado na ɗan Adam da fasahar nan ta CRISPR, kuma cutar amosanin jini, wadda aka fi sani da sikila, tana cikin waɗanda aka fara nufa da shi. Babu ƙasar da wannan labari ya shafa kamar Nijeriya. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta a ƙasar nan kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa yana ɗauke da ƙwayar gadonta ba tare da tana damunsa ba.

Cutar tana samuwa ne idan yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su riƙa lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su haddasa ciwo mai tsanani da ƙarancin jini da lalacewar gaɓoɓi. Abin da sabon maganin ke yi shi ne, a ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su a ɗakin bincike yadda za su koma samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin, sa'annan a mayar masa da su. A gwajin da hukumar Amurka ta dogara da shi, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba tare da mummunan tashin ciwon ba. Wannan nasara ce babba, kuma babu mai hankalin da zai raina ta.

To, amma aikin mai nazarin tattalin arziki shi ne ya tambayi farashi. Kamfanin Vertex ya sa wa maganin Dala miliyan 2.2 ga kowane majiyyaci a Amurka, yayin da wani makamancinsa mai suna Lyfgenia, wanda aka amince da shi rana ɗaya, aka sa masa Dala miliyan 3.1. Idan aka yi lissafi da canjin kimanin Naira 1,500 kan kowace Dala, kamar yadda ya kasance a tsakiyar 2025, maganin mutum ɗaya ya kai Naira miliyan dubu 3.3. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024 zai yi kusan shekaru 4,000 yana tara dukkan albashinsa kafin ya haɗa wannan kuɗi. Yi wa jariran shekara ɗaya kacal magani zai ci Dala miliyan dubu 330, wato ninkin-ba-ninkin kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya na 2025, wanda bai wuce kimanin Naira tiriliyan 55 ba.

Ganin haka ne ya sa ra'ayinmu shi ne, ɗan abin da ƙasa ke iya kashewa a wannan fanni ya kamata a fara zuba shi kan sakamakon binciken da aka riga aka tabbatar, mai araha, wanda har yanzu bai isa ga mafi yawan yaranmu ba. Irin wannan sakamako kuwa yana da yawa, kuma wasu daga ciki a asibitocinmu aka samo su.

Tun a 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu sikila ƙwayar penisilin kullum yana rage kamuwa da wata muguwar cuta mai shiga jini da kashi 84 cikin 100. Sai dai ba a iya fara ba yaro wannan kariya sai an san yana da cutar, kuma yawancin iyaye a ƙasar nan ba sa sani sai ranar da hannuwa da ƙafafun jariri suka kumbura. A yanzu akwai 'yan kayan gwaji da ke gano cutar daga ɗigon jini cikin 'yan mintoci, ba sa bukatar lantarki. Wani nazari da Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka wallafa a 2020 ya nuna cewa ana iya yin wannan gwaji a ƙananan asibitocin da ake kai jarirai allurar rigakafi, da ma'aikatan da ke wurin. Ke nan ba sai an gina sabon asibiti ba. Hanyar tana nan a shimfiɗe, kaya da horo kawai take jira.

Na biyu shi ne maganin haidroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi domin sikila tun 1998, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. An daɗe ana ɗar-ɗar da shi a Afirka saboda tsoron kada ya raunana garkuwar yara a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Gwajin da aka yi kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda aka bayyana sakamakonsa a ƙarshen 2018, ya kawar da wannan tsoro: tashin ciwo ya ragu da fiye da rabi, zazzaɓin cizon sauro shi ma ya ragu da kusan rabi, mace-mace kuma suka ragu da kimanin kashi biyu cikin uku.

A nan gida, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun ɗauki matsalar shanyewar ɓarin jiki, wadda kan sami kimanin yaro ɗaya cikin goma masu cutar kafin su kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. A ƙasashe masu arziki ana auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari sai a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata. Kowa ya san ƙarin jini wata-wata ba abu ne da talakan Nijeriya ko ma'ajiyar jininmu za su iya ɗauka ba. Gwajin na Kano, da aka yi kan yara 220 aka wallafa a 2022, ya nuna cewa haidroksiyuriya, ko da a ƙaramin ma'auni, yana ba da kariya mai ma'ana daga wannan masifa. Wannan shi ne irin binciken da ya san aljihun mutanen da ake yi domin su.

Har ila yau akwai batun motsa jiki. Shekara da shekaru ana hana masu sikila duk wani aikin ƙarfi, domin wahala mai tsanani tana iya tayar da ciwon. Amma wani gwaji da aka yi a Faransa kan manya 40, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018 da 2019, ya gano cewa tuƙa keken motsa jiki a matsakaicin ƙarfi, sau uku a mako har mako takwas a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, ya ƙara musu juriya ya kuma ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a tsokarsu, ba tare da ya jawo wata mummunar matsala ba. Gwajin ƙarami ne, kuma bai halatta wa kowa ya shiga gudu ba tare da shawarar likita ba. Duk da haka ya buɗe ƙofar da jami'o'inmu masu sashen gashin ƙashi da motsa jiki za su iya shiga da kuɗi kaɗan, su gwada abin a yanayin zafinmu.

Wani zai ce, ashe an yanke wa talaka hukuncin zama da maganin lallaɓawa, mai kuɗi ya tafi da na warkewa? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce farashin magani yakan faɗi idan aka sami gasa da matsin lamba. A shekarar 2000 maganin rage kaifin cutar ƙanjamau ya haura Dala 10,000 a shekara, amma a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayinsa a kan Dala 350. A 2019 ma Gidauniyar Gates da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun yi alkawarin Dala miliyan 200 domin neman maganin gado mai araha ga sikila da ƙanjamau. Sai dai ranar da sauƙin zai zo, yaron da ya rayu ne kaɗai zai amfana. Bugu da ƙari, maganin gado yana bukatar irin ɗakuna da ƙwararrun da ake bukata wajen dashen ɓargo, aikin da aka fara yi a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya shiga a 2024. Ƙarfafa waɗannan cibiyoyi shi ne shirin da ya dace da mu a yau.

Wajibi ne kuma mu tuna darasin Niprisan. A shekarun 1990 Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja ta haɗa wannan magani daga tsirran gida, ciki har da masoro da kanumfari da dawa. A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisin sarrafa shi, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru da dama. Masana sun yi nasu aikin, amma rashin jari mai ɗorewa da rashin tabbataccen mai saye suka kashe kasuwar. Shi ya sa umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a 2024 na janye haraji kan kayan haɗa magunguna, ko da yake mataki ne mai kyau, ba zai wadatar shi kaɗai ba. Mai masana'anta yana son ya san wanda zai sayi kayansa, kuma a ƙasar da jama'a ke biyan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihunsu, wannan mai saye dole ya zama gwamnati ko hukumar inshora.

Dokar gwajin lafiya kafin aure, irin wadda Jihar Kano ta kafa a 2024, tana da amfani wajen rage haihuwar masu cutar nan gaba, muddin an sa ido kan ɗakunan gwaji domin kada sakamakon ƙarya ya haɗa auren da bai kamata ba. Amma ba ta da abin da za ta yi wa miliyoyin da aka riga aka haifa. Iyalin da ke da yaro mai sikila yana asara ta fuska uku: kuɗin asibiti, ranakun aikin uwa da uba, da karatun yaron da ke yankewa. Asarar nan ba ta fitowa a kasafin kuɗi, amma ƙasa ce ke biyan ta.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da gwamnatocin jihohi da su haɗa gwajin jarirai da shirin allurar rigakafi. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta tabbatar penisilin da haidroksiyuriya da awon ƙwaƙwalwa sun isa ga yaran marasa galihu. A riƙa sayen magungunan a dunƙule daga masana'antun gida da yarjejeniya ta shekaru. Sannan a ware wa jami'o'i kuɗin bincike mai ɗorewa, ba sai sun jira tallafin ƙasashen waje ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, Nijeriya kuwa ta daɗe tana kewaya kashi 5. Kafin a cika wancan alkawari, abin da ke hannu ya kamata a kashe shi a inda kowace Naira za ta ceci rai mafi yawa. Masu iya magana sun ce, da babu gara ba daɗi.