A kama 'yan damfarar kirifto, a bar wa jama'a kundinsu

Daga Gesse a Birnin Kebbi har zuwa Argungu, matasa da dama sun rungumi harkar kirifto. Wasu na minin a waya, wasu na sayen kirifton USDT don kada faɗuwar naira ta cinye ɗan jarinsu. Ginshiƙin harkar shi ne bulokcen, kundin lissafi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa lokaci guda. Kamar adashi ne da babu uwar adashi: kowa na da littafi a hannu, kuma ba a sauya ƙa'ida sai mafi rinjaye sun amince. Ranar da wata hukuma ta samu ikon goge layi ɗaya a kundin, amanarsa ta rushe.

Gwamnatin Najeriya ta sha gwada ƙarfi. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu cinikin kirifto. Cinikin bai tsaya ba, ya koma hannu da hannu inda idon hukuma ba ya kaiwa. A Oktoban shekarar aka ƙaddamar da eNaira, nairar intanet, wadda bankin ke juya akalarta shi kaɗai, amma ba ta samu karɓuwa ba. A Disamban 2023 bankin ya janye haramcin. Bayan wata biyu aka tsare jami'an dandalin musayar kirifto na Binance biyu a Abuja, ɗayansu, Tigran Gambaryan, sai a Oktoban 2024 aka sake shi.

Amurka ma ta gwada. A 2022 ta ƙaƙaba wa manhajar kirifto ta Tornado Cash takunkumi, a Nuwamban 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce an wuce gona da iri, a Maris na 2025 aka ɗage shi.

Ba muna cewa a zura ido ba ne. Rugujewar dandalin zuba jari na CBEX a Afrilun 2025 ta jefa dubban 'yan Najeriya cikin asara. Amma wannan ta'asa mutane ne suka tafka da alkawarin riba ninki biyu, kuma mutane ake gurfanarwa. Dokar zuba jari ta 2025 ta ba hukumar SEC ikon sa ido kan kadarorin intanet. Ya kamata ta yi amfani da shi a ƙofar da naira ke shiga da fita: dandalin musaya, dillalai da masu tallata ribar ƙarya.

Muna kira ga sanatoci da 'yan majalisar wakilan Kebbi su nemi a fayyace a doka cewa rubuta manhaja ko riƙe kwafin kundi ba laifi ba ne. Ya kamata hukumar NITDA, da ke da alhakin manufar bulokcen ta ƙasa tun 2023, ta haɗa kai da Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi a koya wa matasa bambance fasaha da damfara. A hukunta ɓarawo, a bar kundin ga masu shi.