Jinjina Ga Abubakar Tunau, Da Bashin Da Ke Kanmu

A zauren wani tsohon malamin firamare a Damaga na fara riƙe Wasan Marafa da hannuna. Bangon littafin ya daɗe da rabuwa da shi, an ɗinke bayansa da zare da allura, gara ta ɗan taɓa gefen shafukan farko. Malam ya zaro shi daga ƙasan adaka, ya kaɗe ƙura, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da amana. Ya ce, "Ɗana, ka san mai wannan littafi ɗan Mafara ne?" Na sunkuyar da kai, don a ranar na fara ji.

Ƙasarmu ta yi suna da fasahar baka. Musa Ɗanƙwairo ɗan ƙasar Bakura ne, Sa'idu Faru ɗan ƙasar Maradun, kuma har gobe muryoyinsu na tashi a rediyo da wayoyin samari. To amma in aka zo batun alƙalami, sunan da ya kamata a fara kira shi ne Alhaji Abubakar Tunau Mafara, Kayayen Sardauna. A 1949 aka buga Wasan Marafa a Zariya. A lokacin, ƙagaggun labarai sun riga sun kama ƙasa, tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Wasan kwaikwayo a rubuce kuwa, abin da ɗalibai suka sani shi ne wasanni shida na Baturen nan Rupert East. Tunau na cikin Hausawan farko da suka ce wannan ma aikinmu ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya zaɓa ya yi magana a kai: tsabta da kiwon lafiya. Ya san halin mutanensa. In dubagari ya shigo gari da umarni, sai kowa ya share ƙofar gida, yana juya baya a koma gidan jiya. Amma in yaran gari suka fito dandali, wannan ya naɗa rawani, wancan ya ɗaura zane, mutum ya ga kansa a cikin wasa ya yi dariya, to maganar za ta bi shi har ɗaki. Duk wanda ya ga yadda amai da gudawa ke yi mana ɓarna da damina ya san saƙon bai tsufa ba.

Bai tsaya nan ba. Ya ɗauko labarin Hajji Baba, wanda James Morier ya wallafa a Ingila a 1824, ya mayar da shi Hausa. Hajji Baba ɗan wanzami ne na birnin Isfahan a ƙasar Farisa, ya yi ga-ruwa, ya yi yaron likita, duniya ta yi ta juya shi kamar waina. Ta hannun Tunau, yaron da bai taɓa wuce kasuwar Talata Mafara ba ya zaga Farisa da harshen uwarsa. Jinjina, Kayaye. Allah Ya saka da alheri.

Sai dai yabo kaɗai ba ya biyan bashi. Mu dubi yadda wasu ke riƙe nasu marubutan. Da yawanmu mun kalli fim ɗin Devdas na Shah Rukh Khan da ya fito a 2002. Labarin na Sarat Chandra ne, marubucin ƙasar Bengal, wanda ya fitar da shi a 1917. Mutumin ya rasu tun 1938, amma mutanensa na ci gaba da buga littattafansa, gidansa na bakin kogin Rupnarayan kuma yana nan a adane ana ziyara. Mu fa? Na tambayi masu sayar da littattafai a kasuwanninmu, mafi yawansu ko sunan Wasan Marafa ba su taɓa ji ba. Wannan abu na ci mini rai.

A sake buga littattafan nan biyu, a kan kuɗin da ɗan talaka zai iya saya. Malaman Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau da ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara su zauna da dattawan da suka san shi, su naɗi tarihinsa tun ana da masu ba da shi.

Nauyi mafi girma kuwa yana kan matasanmu masu rubutu a waya. Tunau ya rubuta ciwon zamaninsa, namu yana jira. Akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da suka ga abin da ya faru a Bakolori a 1980, sa'ad da manoma suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da harsashi. Akwai matan da suka bar gidajensu da goyo a baya saboda 'yan bindiga. Wa zai zauna kan tabarmarsu ya saurara, ya mayar da shi littafi?

Na roƙi Malam aron littafin. Ya yi jim, sannan ya yarda, bisa sharaɗin in mayar masa kafin a yanke gero. Na kai an yi hoton shafukansa guda goma, na raba wa 'yan aji shida, kuma tun makon jiya suke gardamar wanda zai fito a Marafa.