Karatun malamin asibiti na gaggawa: a yi lissafi kafin a kwance bakin zane

A duk lokacin da sakamakon jarrabawar BEPC da BAC ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a kasuwannin Magarya da Dungas: ina za a kai yaro? A 'yan shekarun nan iyaye da dama, musamman mata 'yan kasuwa, sun karkata ga makarantun kiwon lafiya, da fatar ɗa ko ɗiya su fito malaman asibiti ko ungozoma. To, a nan ne wasu ke shigowa da daɗin baki, suna cewa akwai makarantar da za ta ba da diploma cikin shekara ɗaya, in dai an biya. Masu saurare kan kira mu a gidan rediyo suna tambayar ko gaskiya ne, don haka ya kamata mu duba wannan al'amari da idon basira.

Da farko, babu mai musun cewa ana buƙatar ma'aikatan lafiya a wannan yanki. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutane sama da dubu 570, ita kuwa Dungas, da aka cire daga jikin Magarya a 2011, sama da dubu 350, kuma tun daga lokacin sai ƙaruwa ake. A daminar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar da cewa yara fiye da 700 ne ke kwance lokaci guda a sashen yara na asibitin Magarya, saboda masassarar cizon sauro da tamowa. Haka kuma daga watan Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023, hukumar lafiya ta duniya ta ƙidaya mutane 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi jin jiki. Wanda zai tsaya a kan irin waɗannan marasa lafiya, a Waca ko Bande ko Dogo-Dogo, inda sau da yawa majo ne kaɗai ba likita kusa, dole ya san aikinsa.

Shi wannan karatu na gaggawa yana da asali. A Amurka akwai tsarin da ake kammala digirin jinya cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Amma abin da masu talla ba su faɗa shi ne, an yi shi ne don wanda ya riga ya sami digirin jami'a a wani fanni, kuma karatu ne safe da yamma ba hutu, tare da aikin koyo a asibiti, a ƙarshe kuma sai ya ci jarrabawar hukuma kafin ya taɓa majinyaci. Ke nan ba a yi shi don yaron da ya fito daga koleji jiya ba.

A nan Nijar hanyoyin a fili suke. Mai BEPC yana shiga ajin da ake kira ASB, wato ma'aikacin lafiya na matakin farko, ya yi shekara 3. Mai BAC yana yin lisans a fannin jinya ko ungozoma, shi ma shekara 3. Akwai makarantar gwamnati ta ENSP a Damagaram da kuma ta Yamai mai sunan Damure Zika, ga kuma makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a manyan birane. Ko wace ce yaro ya shiga, a ƙarshe akwai jarrabawa ta ƙasa guda ɗaya da ma'aikatar ministan kiwon lafiya ke shiryawa, kuma ita ce ke ba takarda daraja. Takardar da makaranta ta buga da kanta, komai kyan hatiminta, ba za ta kai yaro ga konkur na shiga aikin gwamnati ba.

Mu da ke bakin iyaka, muna da darasi daga maƙwabta. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian mai suna Umar Audu ya fallasa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, ba tare da ya zauna a aji ba. Cikin kwanaki kaɗan, a farkon Janairu na 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo, ministan ilimi na lokacin Tahir Mamman ya ce binciken zai kai har Uganda da Kenya da Nijar. A watan Agusta na shekarar ya ce mutane sama da dubu 22 ne ke riƙe da takardun jabu daga ƙasashen biyu. Ko a Amurka, a Janairu na 2023 an bankaɗo makarantu 3 a jihar Florida da suka sayar da diploma na jinya sama da 7,600. Masu sayarwa sun ci kuɗi, masu saye suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Saboda haka duk wanda ke tunanin tura ɗansa Kano ko Katsina, ko ya yi karatu nan ya je aiki can, ya sani cewa kowace ƙasa na da hukumar da ke yi wa malaman asibiti rajista, kuma sai ta yarda da makarantar kafin ta yarda da ɗalibin.

Sai batun kuɗi, wanda ku 'yan kasuwa kun fi kowa saninsa. Ba wanda ke sayen buhun riɗi bai zura hannu ya ga na ƙasa ba. Kuɗin da makaranta ke faɗa a bakin ƙofa na sama ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai kuɗin rajista, farar riga da kayan aiki, takardun karatu, kuɗin jarrabawa, hayar ɗaki a Damagaram, abinci, da kuɗin kabu-kabu zuwa asibitin da ake koyon aiki. A haɗa duka, a ninka sau 3, sannan a ƙara wani abu saboda ko yaro ya maimaita aji. Wannan shi ne farashin gaskiya. Asarar da ta fi ciwo ita ce a biya shekara 2 jari ya ƙare, yaro ya dawo gida ba takarda.

Don haka kada a taɓa uwar kuɗi. A ware daga riba, a tsara kwasar adashi ta faɗo daidai lokacin komawa makaranta, a nemi a biya kashi-kashi, kuma kowane biya a karɓi rasit. Matan da ke cikin ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara sun san bashin asusu na gajeren lokaci ne, ya dace da sari da sayarwa, bai dace da karatun shekara 3 ba. Jinginar da gona kuwa, a ƙasar da gonaki suka yi ƙaranci kamar tamu, abu ne da ya kamata a yi dogon tunani a kansa. Mai BAC ya fara gwada konkur na makarantar gwamnati, ya kuma ajiye takardunsa a hukumar ANAB mai ba da tallafin karatu. Sannan a tuna cewa a 2025 gwamnati ta ɗauki matakin rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin makarantu masu zaman kansu, ya kamata iyaye su tambaya a nuna musu tsohon farashi da sabo.

Kada kuma a ɗauka cewa ranar da aka sami diploma ranar albashi ke farawa. Da yawa sukan yi shekaru suna aikin sa-kai ko kwantaragi kafin gwamnati ta ɗauke su. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun daga 2024 jika 42 ne a wata. Duk mai cin bashi ya yi lissafi da wannan.

Kafin a biya ko dala ɗaya, a yi wa shugaban makaranta tambayoyi uku. Ina takardar izinin gwamnati, kuma ta shafi wannan fannin da yaro zai karanta? Ɗalibai nawa kuka kai jarrabawar ƙasa bara, nawa suka ci? A wane asibiti suke koyon aiki, wata nawa a shekara? In ya fara kame-kame, a tashi. Wanda bai iya karatu ba ya tafi da wani malamin asibiti na garinsu, ko ya tambaya a ofishin kiwon lafiya na gunduma.

Su kuma magabata, nauyi ne a kansu su riƙa bayyana sunayen makarantun da aka yarda da su da sakamakon kowace, da Hausa, a gidajen rediyo, kafin lokacin rajista. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Yaron da aka gaggauta yau, gobe shi ne zai nemi jijiyar jikanka cikin dare ya sa masa ƙarin ruwa. Allah ya sa mu dace.