Janyewar Turawa: Me Ya Sauya a Batsari da Safana?

A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai da ke Legas, yana neman Nijeriya ta sami mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a cire shekarar, a jira lokacin da ya dace. Rikicin Kano na watan Mayu ya biyo baya, sai taron Landan ƙarƙashin Oliver Lyttelton. Daga nan Ingila ta shiga auna ranar tafiyarta da waɗanda za ta damƙa wa ragama. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959, ƙasa baki ɗaya kuwa ranar 1 ga Oktoba 1960.

Nazarce-nazarce da dama sun tsaya ga wannan muhawara ta Landan da Legas da Kaduna, alhali talakan Batsari da Safana bai cika yin ido biyu da Bature ba. Hukumar da ya sani ita ce mai unguwa da dagaci da hakimi, wato Sarkin Ruma ko Yarima, sai Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Manomi na biyan haraji, makiyayin da ke gefen Dajin Rugu na biyan jangali, alƙali da ɗan doka kuwa na En'e ne. Da aka sauke tutar Ingila, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kau. An yi wa ƙananan hukumomi garambawul a 1976, Gwamna Balarabe Musa kuwa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979.

Wannan bai rage darajar 'yancin kai ba, domin zaɓe da gwagwarmayar NEPU sun buɗe wa talaka bakin magana. Sai dai ɗaukar 1960 a matsayin iyakar zamani biyu ma'auni ne na birni, bai dace da karkara ba.

Don haka ya wajaba masu nazarin Hausa su haɗa takardun gidan adana tarihi na Kaduna da bakin dattawan da suka biya harajin da hannunsu. Kaɗan ne suka rage, matsalar tsaro kuma ta raba wasunsu da ƙauyukansu. In aka yi jinkiri, labarin zai saura a bakin wanda ya tafi kawai.