Masu raina gitk, ku zo mu yi magana

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa tsakanin matasanmu masu rubuta manhaja. Da an ga mutum yana duba tarihin kod da gitk ko Sourcetree ko GitKraken, sai a ce ai bai iya ba, gwani a baƙin allo yake buga umarni. Ni kam ban yarda ba.

Ku tuna abin da ya faru da XZ Utils. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, amma kusan duk kwamfutar da ke aiki da Linux tana ɗauke da ita. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe wajen shekara biyu yana taimaka wa mai kula da ita, Lasse Collin, har aka amince da shi, sannan ya dasa ƙofar baya a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Allah ya sa Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya lura shiga ta SSH tana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris, 2024.

Daga nan fa aka koma tarihin Git ana bin canje-canjen mutumin ɗaya bayan ɗaya. Cikin abin da aka gano har da ɗigo guda. Wallahi ɗigo ɗaya tak, da ya saka a fayil ɗin CMake, ya hana wata kariya mai suna Landlock aiki. Ya daɗe a fili, ba wanda ya gani. (Gaskiya wani ɓangaren makircin bai ma shiga Git ba, a kunshin da ake saukewa aka ɓoye shi. Amma fayilolin gwajin da ke ɗauke da gubar suna cikin tarihin.)

To tarihin da ba a karantawa, me ya amfana? Kuma mutum ya fi karanta abin da idonsa ke gani ba wahala. A gitk, ka rubuta kalma ka zaɓi neman inda aka ƙara ta ko aka cire ta, sai ya haska maka duk canjin da ya taɓa ta, da sunan wanda ya yi, da ranar, ga rassa a zane, ga tsohon layi da ja, sabo da kore. Aikin git log -S ne dai, sai dai nan kana tsalle daga wannan canji zuwa wancan da dannawa ɗaya. Ina abin kunya a nan?

Abin kunyar shi ne har yanzu wasunmu ta WhatsApp suke tura wa juna aiki cikin zip, "na ƙarshe", "na ƙarshe 2". Ranar da kuɗin mai shago suka ƙi daidaita a manhajar da kuka yi masa, wa zai ce ga wanda ya taɓa lissafin, ga ranar?

Masu Git kuma, ku gwada yau: ku buɗe gitk a tsohon aikinku, ku nemi kalmar sirrin da kuka taɓa mantawa a cikin kod kuka goge daga baya. Tana nan daram. In ma'ajiyar a buɗe take a GitHub, ku canza kalmar kafin ku kwanta.