Gurbin da aka ci a fili, aka sayar a ofis

Kakar wasa ta 2023/24 a gasar rukuni na biyu ta Najeriya, wadda ake kira NNL, a Enugu ta ƙare. Ƙungiyoyi takwas ne suka hallara a filin wasa na Nnamdi Azikiwe, huɗu daga arewa, huɗu daga kudu, kowacce tana neman gurbi ɗaya cikin huɗun da ke kai mutum Firimiyar Najeriya. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Nasarawa United ta Lafiya suka ɗauke na arewa. Ikorodu City da Beyond Limits suka ɗauke na kudu. Amma da aka fitar da jadawalin sabuwar kakar Firimiya, uku kaɗai aka gani. Babu Beyond Limits. A madadinta sai ga Heartland ta Owerri, wadda ko gumin faɗowarta daga Firimiyar bai bushe ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai Beyond Limits, Kunle Soname, shi ne kuma mai Remo Stars, dukansu biyun a garin Ikenne na jihar Ogun suke. Ba a son mutum ɗaya ya riƙe ƙungiyoyi biyu a gasa ɗaya, kuma wannan daidai ne, don ranar da suka haɗu ɗaya na neman kofi ɗaya ba ta neman komai, babu wanda zai yarda da sakamakon ko da mala'iku ne suka buga. Sai gurbin ya koma hannun Heartland, ƙungiyar gwamnatin Imo. Tambayata ita ce: shin sai bayan an tashi wasa a Enugu hukuma ta san waye mai Beyond Limits? Tun ranar da aka buga ƙwallon farko kowa ya sani. Kuma tunda ba za ta iya hawa ba, ina laifin a miƙa gurbin ga wadda ta biyo bayanta a rukunin kudu, wadda ita ma ta sha hanya, ta sha rana, ta rasa da ƙyar?

Wanda bai taɓa bin ƙungiyar rukuni na biyu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Gasa ce ta doguwar tafiya a bas, a kwana a hanya, a sauka ƙafa a kumbure a shiga fili. Gasa ce da ɗan wasa zai yi watanni yana jiran albashi, alawus ɗin wasa kuwa sai an ci, wani lokacin ko an ci ma sai a ce a yi haƙuri. Babu talabijin, babu kyamara, shi ya sa alƙalin wasa a wasu filayen yake busa usur yana waiwayen ƙofar fita. Magoya baya sun daɗe da haddace karatun: gida na mai gida ne, canjaras a waje kuwa tamkar nasara. Abin da ke sa yaro ya jure duk wannan shi ne alkawari guda, cewa idan kun fi kowa za ku hau. In aka cire wannan alkawarin, me ya rage a gasar?

A nan dole in yaba wa tsarin da aka bi a wancan lokacin na tara ƙungiyoyi takwas a gari ɗaya a ƙarshen kaka. Wasu na kukan cewa wahalar watanni ake yanke wa hukunci cikin 'yan kwanaki, kuma da gaskiyarsu. Amma a ƙasar da mai gida ke cin wasa tun kafin a take leda, filin da ba na kowa ba shi ne abu mafi kusa da adalci da muke da shi.

Abin takaici, kakar 2023/24 ɗin ce kuma ta nuna cewa akwai ƙwallo ta gaske a ƙasa. El-Kanemi, wadda rikicin Boko Haram ya taɓa tilasta wa yin wasanninta na gida a wasu jihohi, ta faɗo daga Firimiya a 2023. Shekara guda bayan nan, a ƙarƙashin koci Aliyu Zubairu, ba hawa kaɗai ta yi ba. Ranar 29 ga Yuni 2024 ta doke Abia Warriors, ƙungiyar Firimiya, da ci 2-0 a Legas, ta ɗauke Kofin Ƙalubale na ƙasa, wanda rabonta da shi tun 1992. Ba ita ce ta fara ba ma, Bayelsa United ta yi hakan a 2021 tana rukuni na biyu. Mutanen Borno sun yi murna da ba a saya da kuɗi, saboda kowa ya ga yadda aka samo ta.

Ita kanta Heartland ta san wannan hanyar. A 2009 ita da Kano Pillars suka kara a wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka, bayan Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar. A 2022 su biyun suka faɗo tare, da Katsina United da MFM. Sai Masu Gida, wato Pillars, masu kofin Firimiya huɗu, suka haɗiye girman kai suka shiga cikin 'yan dagaji, ɗan wasansu Rabi'u Ali Pele bai gudu ba, aka je Asaba a 2023 aka dawo. Heartland ma a Asabar ta dawo da ƙafarta. Me ya hana ta sake yin haka? Gajeriyar hanyar ma ba ta kai ta ko'ina ba. An ɗauko koci Emmanuel Amuneke, an buga kaka guda, a 2025 ta sake faɗowa. Ikorodu City da ta hau da guminta ta ƙare ta huɗu a teburi.

Na san amsar masu kare lamarin. Za su ce gurbi dukiya ce, wanda ya zuba kuɗinsa a ƙungiya yana da haƙƙin ya mayar da uwar kuɗi, kuma an daɗe ana cinikin gurbi a ƙasar nan. Daɗewa ba hujja ba ce. A 2013, a wasannin neman hawa na ƙananan ƙungiyoyi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine ta ci Babayaro 67-0, duniya ta yi mana dariya, hukuma ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Wancan maguɗi ne, wannan kuwa doka ba ta hana ba, ban haɗa su a laifi ba. Amma abin da suke rusawa ɗaya ne, wato yardar ɗan kallo cewa a fili ake hawa.

Mu 'yan arewa ya kamata abin ya fi damu, don yawancin manyan ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Idan cinikin gurbi ya zama al'ada, gwamnan da ƙungiyarsa ta faɗi ba zai tsaya biyan bashin albashi ko gyara fili ba. Zai aika kwamishina da jaka ya nemo mai sayarwa, da kuɗin talakawan jihar.

Kirana ga Alhaji Ibrahim Musa Gusau da hukumar NFF da yake shugabanta: a rubuta a dokar gasa cewa duk ƙungiyar da ta ci gurbin hawa ta kasa hawa, ta kusa da ita a rukuninta ce za ta gaje shi, ba tare da ko sisi ba. Batun mai ƙungiyoyi biyu kuma a warware shi tun kafin a fara kaka, kowa ya shiga fili ya san abin da yake bugawa a kai.